Jinkan Ɗakin Inna

Asabar, 18 ga Mayu, 1974. Bayan la'asar.

Yau kwana goma sha ɗaya da tarewarmu. Gidana. Bari in sake rubutawa in gani da idona: gidan Mudi Tela, a ƙarshen unguwarmu ta Hausawa a nan Gadarif, dab da inda kwari ya karkata. Shekara goma sha huɗu muna zaune a ɗakin da surukina Alhaji Iliya ya ba mu a bayan gidansa, ko tari na yi sai an ji a zaure an aiko tambayar lafiya. Yanzu in yi tari in yi atishawa, ba ruwan kowa.

Da ba yanzu za mu tare ba, sai bayan an yanke riɗi. To, abin da ya faru ya faru, muka loda kayanmu a amalanken jaki muka taho. Ba wanda ya kore mu. Ni na ce mu tafi.

Abin da na tarar: fili mai faɗi, gutiya ɗaya, wato zagayayyen ɗaki mai jinka, da muke kwana a ciki ni da matata Ummuhani, danga ta kwanta ta gabas, ƙasa duk ta tsattsage har ƙafar akuya na iya faɗawa. Abin da na yi zuwa yau: na tayar da dangar, na kafa rumfa a ƙofar ɗaki, na yi wa randa mazauni da gofa uku. Ummuhani ta ce rumfar ta karkata. Na auna da tef a gabanta, ba ta karkata ba. Ta ce to idonta ne ya karkata, ta koma kan tuwonta. Tun da muka zo wannan ce magana mafi tsawo da ta yi mini.

A bayan littafin awo nake rubutun nan, tunda gabansa ba ya cika kwanakin nan.

Litinin, 20 ga Mayu. Da hantsi.

Ya'u direban lori ya kawo saƙo daga Fau. Mijin ƙanwata Safiya ya samu aiki wajen masu haƙa hanyar ruwa ta sababbin gonaki, za su koma sansanin ma'aikata, ɗaki ɗaya ne, ba wurin Inna. Idon Inna kuwa ya tafi, Safiya ta ce haske da duhu kawai take bambantawa. Sai a kawo ta wurina kafin ruwa ya sauka, don in damina ta kankama hanyar Fau kunu take zama, ba mai bi sai bayan wata uku.

Wallahi daɗi na ji. Uwata za ta zauna a gidana, ba gidan suruki ba, ba sansanin kowa ba.

Na kafa turke ta yammacin tsakar gida, na ɗaura igiya na zagaya. Mutanen garin nan kamu bakwai suke yi wa faɗin gutiya. Ni kamu goma na yi. Inna ta shekara sittin tana sunkuyawa a ƙananan ɗakuna, ya isa haka.

Gora akwai, dogaye, guda talatin da biyu. Harisu ƙanen Ummuhani ne ya kawo mini su daga Gallabat, can bakin iyakar Habasha, a zuwansa na ƙarshe, ya sauke su da kansa tun filin ba kowa, yana mini tsiya wai tela ya koma magini. Sun bushe sarai. Ba zan yi maganar Harisu a littafin nan ba.

Laraba, 22 ga Mayu. Azahar.

Mutum uku sun zo shago sun karɓi yadinsu ba a ɗinka ba. Na naɗe musu da kyau. Lokacin aikin gida ya ƙaru.

Lahadi, 26 ga Mayu. Bayan la'asar.

Bango ya tashi. Ban yi na tubali ba, ni ba wawa ba ne. Ƙasar garin nan baƙar laka ce, da rani ta buɗe baki, da damina ta kumbura, duk wanda ya ɗora mata nauyi sai ta tsaga masa gini. Na haƙa ramuka kamu ɗaya da rabi, na babbake gindin dirkoki saboda gara, na zuba yashin kwari na dandaƙe, na saƙa ƙirare a tsakaninsu, na yaɓe ciki da waje. Hannuwana sun yi kanta, ko zare na riƙe ba na jin sa.

Ɗahiru maƙwabcina ya leƙo ta kan danga. Shi kaɗai ke amsa sallamata da baki, sauran da ka suke amsawa, wasu ma kan ya yi musu nauyi. Ya dubi bangon ya ce ɗaki nake yi ko masallaci. Na ce in ya ga dama ya zo ya yi limanci. Ya fashe da dariya, sai kuma ya waiga wajen hanya ya gimtse, ya sauka daga kan turmin da ya taka.

Shekara ashirin muna cin kwano ɗaya da mutumin nan a kasuwa.

Alhamis, 30 ga Mayu. Da walaha.

Tsaikon jinka ya haɗu, a ƙasa, tsakiyar gida. Tanka bakwai na zagaya masa, kowane ɗauri da igiyar kaba, kowane ƙulli iri ɗaya kamar maɓallan riga. Wanda ya kwance ƙulli guda da yatsa na ba shi keken ɗinkina.

Mun ɗan yi sa-in-sa da Ummuhani. Ta ce a ɗora tsaikon kan bango tun ba ciyawa, sannan in hau in baibaye daga sama yadda kowa ke yi a garin nan, wai a haka mutum shida ma sun ɗaga shi. Na ce a'a. Marigayi Babana a ƙasa yake baibaya, ya ce haka kakanninmu ke yi can yamma kafin su taso hanyar Makka: ka ga aikinka da idonka, ka miƙe layin ciyawa yadda kake so, in ka gama ka kira gayya a ɗaga a ɗora. Mutum yana lilo a sama kamar biri, yaushe zai ga layi ya miƙe?

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Malam, gayyar da wa?"

Na ce da mutane mana, garin ya ƙare ne? Ta ɗauki tulunta ta fita.

Asabar, 1 ga Yuni. Dab da magariba.

Ciyawa dami goma sha takwas na yanta yau. Ba wanda ya zo shago. Oho.

Laraba, 5 ga Yuni. La'asar sakaliya.

An gama. Kai, ina ma Babana na raye!

Layi tara na yi, kowane ya hau kan ɗan'uwansa da taƙi guda, ba ƙari ba ragi. Ban ɗaure ciyawar kawai yadda ake yi ba, ɗinke ta na yi, da basillar da na lanƙwasa daga waya, na bi kowane layi sau biyu. Bakin na datse da almakashin shago, ya dakushe, ban damu ba. Ƙoƙuwar na murɗe na rufe da tsohuwar tukunya. Daga bakin hanya ana hango shi ta saman danga, na kuma ga masu wucewa suna rage tafiya. Su kalla. Kallo ai ba sallama ba ce, ba sai sun amsa ba.

Na tokare gefe ɗaya da dutse na rarrafa ciki, na roƙi Ummuhani ta kwara bokiti biyu daga sama. Ta kwara. Ko ɗigo. Da na fito na ga tana shafa bakin ciyawar, tana ganina ta janye hannu.

Na kuma fara jera duwatsu daga ƙofar ɗakin Inna zuwa banɗaki, daga can zuwa randa, don lakar nan in ta jiƙa takalmi take cirewa mutum. A gefen duwatsun zan ja igiya daidai ƙugu, ta riƙa bi da hannu, ba sai ta kira kowa ba. Inna ba ta son a yi mata jagora, irina ce, ko kuwa ni ne irinta.

Na gwada ɗaga gefen jinkan da hannu. Ko motsi. Mutum ashirin yake so, ko ashirin da biyu. Ba komai.

Juma'a, 7 ga Yuni. Bayan la'asar.

Na faɗa. Ana sallame salla a masallacin unguwa na miƙe na ce, jama'a, akwai gayyar ɗaga jinka a gidana jibi Lahadi da safe, ɗakin mahaifiyata ne.

Al'adarmu, in mutum ya faɗi haka, Alhaji Iliya ne ke cewa Allah ya kai mu, sauran su amsa. Alhaji ya ci gaba da jan carbinsa. Ya ja, ya ja, ya shafa, ya tashi yana neman takalminsa. Sai kowa ya shiga neman takalmi, kai ka ce ɓarawo ya shigo masallacin.

Tun ina saurayi ban taɓa fashin gayyar kowa ba. Kafaɗar nan tawa ta dama ta ɗauki jinkan kusan kowane gida a unguwar nan. Za su zo. Fushi daban, gayya daban.

Lahadi, 9 ga Yuni. Da sassafe.

Na share tsakar gida, na yayyafa ruwa, na shimfiɗa tabarmi huɗu.

Lahadi. Azahar.

Na naɗe tabarmin.

Litinin, 10 ga Yuni. Da hantsi.

Ashe Ummuhani ko dawa ba ta jiƙa ba jiya. Ta sani. Na tambaye ta don me ba ta gaya mini ba, ta ce ta gaya mini tun ciyawa na dami.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na ɗauki diga na huce a kan ƙasa. Na haƙa kwata tun daga bayan ɗakin Inna har kwari, taku arba'in da shida, da gangara daidai, na gwada da ruwan wanke-wanke ya bi ya fita kamar an kira shi. Na dasa lemun tsami biyu kusa da randa inda ɗigon ruwa zai riƙa samunsu, na kewaye su da ƙaya saboda awakin Ɗahiru, waɗanda su kam ba su daina shigowa gidana ba.

Gidan nan zai yi kyau ko suna so ko ba sa so. Ni na san abin da na yi da abin da ban yi ba. An tambaye ni, na amsa. Shi ke nan.

Alhamis, 13 ga Yuni. Bayan azahar, a kwance.

Na yi wauta. Na ce zan ɗaga shi ni kaɗai da dabara: in banƙare gefe da doguwar dirka, in cusa duwatsu, in zagaya wancan gefen in yi haka, a hankali har ya kai tsayin bango, sannan in tura shi a kan itatuwa. A kaina abin ya zauna daram. Tun asuba nake yi, ya tashi kamu guda daga ƙasa, har na fara yi wa kaina kirari. Sai duwatsun kudu suka zame. Ya dawo ƙasa tim, dirkar ta make ni a ƙugu, na ji ƙarar abu ya tsage a ciki.

Ummuhani ta ja ni rumfa, ta ɗumama man riɗi ta murza mini baya, da ƙarfi, har na ga kamar da gayya take yi. Ba ta ce sannu ba. Da ta gama ta leƙa ƙarƙashin jinkan ta dawo ta ce, "Gorar Harisu ɗaya ta tsage."

Ba ta ce gorarka ba.

Gobe zan yi mata ƙari da itace biyu in naɗe da fata, ba wanda zai gane.

Asabar, 15 ga Yuni. Bayan la'asar.

Abin dariya, in da mai taya ni.

Na ɗingisa har bakin kasuwar hatsi inda 'yan ƙodago ke zama suna jiran motocin gonaki. Ba na so, don ɗakin uwar mutum ba baƙi ya kamata su ɗaga ba, amma na haɗiye. Na yi musu bayani da Larabci, na ce aikin minti goma ne, akwai tuwo da nama. Wani dogo mai tsage a goshi ya ce kwayyis, wato ya yi, ya ƙirgo mini mutum ashirin da ɗaya. Muka kamo hanya ina gaba suna biye, ina tafe ina jin kaina kamar mai unguwa, har ina addu'a Allah ya sa jama'a na zaune a ƙofar masallaci su gani.

Mun kai wajen masu injin niƙa, sai ga lori ta tsaya ana kiran masu sharar gona, aikin wata biyu. Na waiga. Wallahi ko ɗaya. Dogon nan yana kan lorin yana ɗaga mini hannu yana cewa ma'alesh, wai in yi haƙuri.

Na dawo ni kaɗai, kuma jama'a na zaune a ƙofar masallaci. Addu'ata ta karɓu ta wannan gefen.

Na ƙarasa jan igiyar Inna. Na rufe idona na bi ta daga ɗaki zuwa banɗaki zuwa randa, sau uku, ban yi tuntuɓe ba.

Litinin, 17 ga Yuni. Dab da magariba.

Hadari ya haɗu ta wajen Habasha, baƙi ƙirin, ya yi walƙiya ya watse. Iskar ta zo da ƙanshin ƙasa. Ya'u ya ce ran Alhamis zai tafi Fau, ya dawo Juma'a, daga nan ya jingine mota sai kaka. In Inna ba ta biyo shi ba, sansani za a kai ta, ta kwana a bakin ƙofa.

Na tsaya a cikin ɗakinta na ɗaga kai. Sama ce kawai. In ruwa ya sauka a haka, yaɓen nan narkewa zai yi, jinkan kuma ya sha laka ya ruɓe a inda yake.

Na ce wa Ya'u ya taho da ita.

Talata, 18 ga Yuni. La'asar.

Duk Talata Ummuhani da mahaifiyarta suna kai abinci can gidan yari, inda ake tsare da Harisu. Ba a barinsu su gan shi. Wani lokaci a karɓa, wani lokaci a ce su koma da shi. Yau ta dawo da kwano wayam, ta ajiye, ta zauna a kan turmi ba ta cire mayafi ba. Ta ce yau an karɓa, an kuma miƙo musu rigarsa ta wanki. Ta ce rigar ta yi datti amma ba jini. Ta faɗi haka sau biyu.

Ni dai ina zaune ina fiƙe turaku waɗanda ba na bukata.

Sai ta ce, "Malam, ni ban yafe ba tukuna, kada ka ɗauka na yafe. Amma Inna ba za ta kwana a ruwa ba saboda kai da Baba. Ka je ka same shi."

Na ce in je in ce me? Ta ce ai bakina bai saba rasa abin faɗa ba.

Wannan ta shige ni. Na shiga ɗaki na buɗe littafin nan ta gaba. Shafi na arba'in da ɗaya babu. Da reza 'yan sanda suka yanke shi, a gabana, tsaf, ko na gefensa ba su taɓa ba. Sunan Harisu, da awon kafaɗa, da awon tsayi, da ranar karɓa, da ɓoyayyen aljihun da aka ce in ƙara daga cikin rigar. Ni ban san me za a sa a ciki ba. Ban tambaya ba. Tela ba ya tambaya.

Na ce ba zan yi maganar nan a littafin nan ba.

Laraba, 19 ga Yuni. Bayan azahar.

Na je.

Na sa farar jallabiyata, na bi ta ƙofar gaba kamar baƙo, gidan da na zauna shekara goma sha huɗu. Alhaji Iliya yana zaure shi kaɗai. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, bai tambayi mutan gida ba. Kaza ta shigo ta fita.

Ya ce, "Ban haƙuri ka zo, ko neman hannu?"

Na so in ce duka biyun. Na ce, "Neman hannu, Baba."

Ya ce to ko ba komai ban yi masa ƙarya ba. Ya ajiye carbin. Ya ce, "Mudi, shago goma sha ɗaya mutanen nan suka shiga da rigar nan kafin su zo naka. Kowane tela ya juya ta ya ce bai san ɗinkin ba. Kuma duk sun sani."

Na ce, "Ɗinkina ne, Baba."

Ya ce, "Shi kuma ɗana ne."

Ban sami abin cewa ba. Karo na farko ke nan a rayuwata, ina ma Ummuhani ta gani.

Can ya tambayi idon Inna. Na gaya masa. Ya ce Atine, Inna ke nan, ba ta yi wa kowa komai ba, ita ta yi wa matarsa zaman jego a haihuwar fari tun suna zaune a Fau. Ya ce, "Gobe bayan asuba. Don Atine. Kada ka ɗauka wani abu ne."

Ga abin da ban gaya masa ba, ban kuma gaya wa kowa ba, in rubuta sau ɗaya in huta. Ba su tsorata ni ba. Ko tsawa ba su yi mini ba. Ɗayansu ne ya juya aljihun ciki a kan teburina, ya ce wa ɗan'uwansa su daina wahala, wannan ba aikin Gadarif ba ne, a garin nan ba mai hannun da zai ɓoye ɗinki haka. Har sun juya za su fita. Bakina ya riga ni.

Alhamis, 20 ga Yuni. Azahar.

Jinka ya hau.

Tun jiya da yamma na yanka bunsuru. Ummuhani ta tashi kafin kiran salla ta tuƙa tuwo tukunya biyu, miyar busasshiyar kuɓewa da nama, ga shayi a babbar buta. Gari na wayewa suka shigo, Alhaji a gaba. Mutum ashirin da uku, na ƙirga. Sallama ɗaya aka yi ta kowa da kowa.

Gayyar ɗaga jinka a unguwar nan da hayaniya ake yi, ana salati, ana tsokanar gajeru cewa su dai rataye suke yi. Yau ko tari. Suka kewaye shi, kowa ya sa hannu. Na zo in shiga wajena na kullum, ban ga gurbi ba, kafaɗa ta haɗu da kafaɗa. Na zagaya, babu. Sai Ɗahiru ya nuna mini ƙasa da haɓa, na rarrafa ciki na kama doguwar gofar da ake tokare tsakiya. Daga nan ƙafafu kawai nake gani. Na san kowace ƙafa, na auna tsayin wandon kowa.

Alhaji ya ce, "Bismillahi." Ya tashi. Na ji nishinsu, na ji wani ya ce la ilaha illallahu, nauyi. Taku goma sha biyu zuwa bango, suka ɗaga sama da kai, masu gofa suka karɓa, aka juya kaɗan, aka sauke.

Ya zauna. Kai! Ya zauna kamar hula a kan mai ita. Kowace gora ta faɗa bakin dirkarta, ba a sare komai ba, ba a cusa komai ba, ko yatsa ba ya shiga tsakani. A gayyar da na sani sai an yi awa guda ana turawa ana ja ana zagin mai awo. Ina tsaye a ciki cikin inuwa, ƙirjina kamar zai fashe. Na san sun gani. Ba wanda ya ce ya yi kyau. Ya yi kyau.

Da na fito na ce bismillah, ga abinci. Tabarmi a shimfiɗe, kwanuka a jere, ruwan wanke hannu a buta. Alhaji ya ce Allah ya sa albarka a ɗakin, ya ba mai shi lafiya. Ya juya. Suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowa na kakkaɓe ciyawa daga kafaɗa. Ɗahiru ne na ƙarshe, ya tsaya a randa ya sha rabin moɗa, ya dube ni kamar zai yi magana, ya fita.

Mutum bai taɓa ɗaga jinka a unguwar nan ya tafi bai ci ba. Ko masu gaba da juna kwano ɗaya suke sa hannu ranar. Na ji zafin wannan fiye da ranar da ba su zo ba.

Ummuhani ta tsaya tana kallon kwanukan, idonta ya cika. Muka loda su a amalanke na kai wa 'yan ƙodagon bakin kasuwa. Sun cinye tas, sun sa albarka.

Na dawo na ɗaɗɗaure gorar da dirkoki, ɗauri talatin da biyu. Na daɓe ƙasan, na shigar da gado.

Juma'a, 21 ga Yuni. Bayan la'asar.

Inna ta iso. Ta ƙanƙance, na sauko da ita daga lori kamar ɗaurin yadi. Ba ta kiran sunana, ɗan fari ne ni, Tela take ce mini. Ta shafa fuskata ta ce Tela ya tsufa, ta kama hannuna ta ce wannan kuma hannun manomi ne, ina aka kai na ɗanta.

Ta shiga ɗakin ba ta sunkuya ba. Ta tsaya tana shaƙar ƙanshin ciyawa, ta ɗaga sandarta sama ba ta taɓo komai ba, ta ce, a'a, ina rufin yake? Na ce yana can sama, Inna. Ta bi bango da hannu tana ƙirga taku, ta ce wannan ai sai ta ɓata a ciki. Ta yi dariya, Ummuhani ma ta yi. Rabon da in ji dariyarta tun kafin mu tare.

Asabar, 22 ga Yuni. La'asar.

Ruwa ya sauka tun azahar, irin mai zuwa da iska a kwance. Mu uku muna ɗakin Inna, don gutiyarmu tana yoyo wuri biyu. Kwata tana aiki, ina jin gudunta ta bayan bango.

Inna tana kan gado tana saurare. Ta ce wannan baibayar ƙasa ce, irin ta Babanku, ta ji yadda ruwa ke sauka a kanta. Sai ta ce jinka mai girman nan su wa suka ɗaga shi? Na lissafa mata, tun daga Alhaji Iliya har Ɗahiru, ashirin da uku. Duk sunan da na kira sai ta faɗi uwarsa ko ubansa. Ta ce ba ta ji sunan Harisu ba. Ta ce Ya'u ya ɗan taɓa mata wani zance a hanya.

Ta ce, "Me aka dafa musu?"

Na ce bunsuru da tuwo.

"Sun ci?"

Ummuhani ta ce, "Ba su ci ba, Inna."

Inna ta murza bakin zanenta. Sannan ta ce, "Tela, in ƙasa ta tsane za ka kai ni in yi musu godiya. Gida-gida. Ni ba ido, kai za ka riƙe ni, kai za ka yi sallama, kai za ka tsaya har a fito."

Na ce Inna, gida ashirin da uku ne fa. Ta ce ta ji lissafin, kunnenta lafiya lau. Ta ce da gidan surukina za mu fara, kuma in tanadi abin da zan faɗa wa uwar yaron, don ita godiya kawai za ta yi, sauran nawa ne.

Na ce to.

Har yanzu ana ruwa. Na sake zagaya ɗakin da tafin hannuna a buɗe. Ko ɗigo.